Fanken ayaba mai riƙe ciki, yanda nake haɗa shi da safe

Ni dai gaskiya ba wani son burga ne ya kai ni ga wannan fanken ba, ayaba ce ta kusa lalace mini a gida. Maigida ne ya biyo ta 'Yan Lemo can Na'ibawa ya tarar an sauke kaya ana araha, ya kwaso mana ita himili guda sai ka ce masu shirin biki, ga shi lokacin zafi ne irin na watan Afrilu da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi, kwana biyu kawai duk ta yi ɗige-ɗigen baƙi, yara suka ce su wallahi ba za su ci ba wai ta ruɓe. Zubarwa kuma ba zan iya ba, abin da aka sa kuɗi aka siyo. Daga nan na fara dama ta da ƙwai ina soyawa, na farko ya ƙone, na biyu ya farfashe a kasko ya koma kamar fate, a hankali dai har na gano kan abin. Yanzu kam da gangan nake ɓoye ayaba biyu ko uku a saman firij in bar ta ta nuna luguf saboda shi.

Kafin a ce na yi ƙarya bari in warware maganar suna. Mu nan Kano in an ce fanke abin da ke zuwa ran mutum shi ne wannan ƙullin fulawa da yis da ake sakawa cikin mai yana iyo, a tsame a barbaɗa suga. To wannan ba shi bane. Wannan faffaɗa ne, a kasko ake yin sa da ɗan mai kaɗan, ya fi kama da wainar fulawa a siffa, sai dai shi mai zaƙi ne kuma ya fi ta kauri da laushi, babu manja babu attaruhu. Yarana wainar ayaba suke ce masa, ni kuma na saba da fanken ayaba, duk wanda kika kira shi dai ciki ɗaya za shi.

Abu na farko da nake so ki riƙe, domin nan ne mutane da yawa suke ruɗewa: ita ayaba ba ita ce ke gina jiki ba. Ayaba matsakaiciya guda ɗaya furotin ɗin cikinta, wato sinadarin da ke gina jiki, bai fi giram 1 da 'yan kai ba, sauran duk sitaci ne da suga da ruwa, sai sinadarin fotasiyam da take da shi sosai. Aikinta a wannan haɗin shi ne ta ba da zaƙi yanda ba sai kin zuba suga ba, ta ba da laushi, ta kuma taimaka wajen riƙe ƙullin. Masu gina jikin su ne ƙwai da gyaɗa da waken suya da madara. Ƙwai babba guda ɗaya yana da wajen giram 6, gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, waken suya ma ya fi ta, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Kin ga ke nan in kika dama ayaba da fulawa da suga kika soya, kin yi abin daɗi ne kawai amma ba ki yi abin da muke magana a kai ba, bambancinsa da kek kaɗan ne.

Me ya sa ma za a damu da wannan da sassafe? Ki duba yanda karin kumallonmu yake a mafi yawan gidaje, shayi da burodi, ko koko da suga, ko ɗumamen tuwo in an yi sa'a da sauran miya. Yaro ya sha shayi ya ci burodi yanka biyu ya tafi makaranta, kafin ƙarfe goma cikinsa ya fara kiran ciroma, malam na bayani shi hankalinsa na gurin mai awara a bakin get. Ba laifin yaron bane, abin da ya ci ne mai saurin narkewa. Furotin da ɗan mai da dusar hatsi su ne suke daɗewa a ciki kafin su narke, shi ya sa ranar da aka haɗa koko da ƙosai za ki ga an fi daɗewa ba a nemi abinci ba, ai ƙosai wake ne. Iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai, ko fura da nono, sun san abin da suke yi ko da ba su taɓa jin kalmar furotin ba. Matsalar ƙosai ɗaya ce a gurina, surfe da wanki da kai markaɗe da asuba, ga man da yake sha. Wannan kuwa minti ashirin kin gama in dai kin tanadi garinki tun kafin ranar.

To mu fara da ayabar. Ki nemi wadda ta nuna sosai, ɓawon ya yi ɗige-ɗige, in kika danna ta da yatsa ta lotsa. Yayin da ayaba ke nuna sitacin cikinta ne yake komawa suga, shi ya sa wadda yara ke gudu ita ce ta fi zaƙi kuma ta fi saurin damuwa. Wadda ke da sauran kore a wuya ba za ta yi miki ba, za ki ji ɗan bauri a baki kuma gudaji ba za su mutu ba. In kin siyo ba ta gama nuna ba ki sa ta a jakar takarda ko ki naɗe ta a tsohuwar jarida ki ajiye a lungun kicin, wata iska take fitarwa da kanta mai sa ta nuna, in an rufe ta sai abin ya yi sauri. Da zafi kwana ɗaya ko biyu ya isa, da hunturu kuwa sai kin yi haƙuri. Amma fa a bambance nuna da ruɓewa, in ta fara tsami ko tana zubar da ruwa ko kin ga fumfuna a jikinta to wannan ta wuce gurin. Agada da ta nuna ta yi baƙi ita ma tana yi, sai dai fanken ya fi nauyi kuma dole sai da blenda.

Ƙwai kuma, dan Allah kar ki fasa shi kai tsaye cikin ƙullin. Na taɓa yin asarar kwano guda saboda ƙwai ɗaya da ya lalace, ranar har kicin ɗin sai da na turara. Ki fasa ɗaya-ɗaya a ɗan kofi tukuna ki gani. Ko ki saka shi a ruwa, sabo yana kwanciya a ƙasa, wanda ya kwana biyu zai miƙe tsaye, wanda ya taso sama yana yawo ki rabu da shi. Na zabi ma yana yi lokacin damina da yake yawa, sai dai ƙanana ne, inda za ki sa uku na gidan gona sai ki sa huɗu.

Garin da nake sawa shi ne ots, wanda duk muke ce wa Quaker ko da ba na kamfanin bane. A kasuwar Singa ko manyan kantuna za ki samu, na gwangwani da na leda duk ɗaya ne a wannan aikin, ki ɗauki mai sauƙin. Ki zuba shi a busasshiyar blenda ki niƙa ya zama gari, ni ranar da aka kawo wuta nake niƙe leda guda gaba ɗaya in zuba a roba mai murfi, saboda wutar nan ba a yi mata alkawari da safe. In babu blenda ki daka a turmi, ko ki jiƙa shi da ɗan ruwan ɗumi ya yi laushi, ba sai ya yi lukui ba. Dalilin da na fi son sa a kan farar fulawa shi ne ba a cire masa dusa ba, ya fi riƙe ciki, kuma shi kansa yana da ɗan furotin mai auki. In ya yi miki tsada, garin alkama na gida wanda aka niƙa da dusarsa yana yi sosai, ya ma fi saurin haɗe jiki. Garin gero na gwada, ɗanɗanon ya yi mini daɗi kamar ana cin fura soyayya, amma yana farfashewa, sai an raba shi biyu da alkama.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu, waken suya. Shi ne mafi arha cikin duk abin da zai ƙara wa fanken nan ƙarfi, kuma shi ne wanda in aka yi masa gaggawa zai ɓata komai. Kar ki kuskura ki niƙa shi ɗanye ki zuba. Ɗanyen waken suya yana da wani gafi da ƙarni da ba ya ɓuya, kuma akwai wani sinadari a cikinsa da ke hana ciki narkar da furotin ɗin yanda ya kamata, sai ya ji wuta sosai yake mutuwa, 'yan mintocin da fanke zai yi a kasko ba su isa ba. Abin da nake yi, in an samo mini daga Dawanau ko nan kasuwar Rimi, sai in tsince tsakuwa da ruɓaɓɓu, in wanke, in shanya ya bushe ƙarau, sannan in zuba a tukunya babu mai babu komai in riƙa juyawa a wuta matsakaiciya kamar ana suyar gyaɗa. Za ki ji yana ƙara yana tsagewa, kalar ta koma ruwan ƙasa mai haske, ƙamshi ya fara tashi, ki ɗauki ɗaya ki tauna, in ya yi garas babu wannan gafin to ya yi. Hannu kar ya tsaya, domin yana ƙonewa ta gefe ɗaya sai ya yi ɗaci. In ya huce ki ɗan ɓarza shi a turmi ki sheƙe ɓawon a faifai, ki kai inji a niƙa miki. Ki ce wa mai injin ya fara kakkaɓe shi, in ba haka ba za ki dawo da garin waken suya mai yajin barkonon wadda ta riga ki. Ki tankaɗe, ki baza shi ya sha iska ya huce sannan ki rufe. Rabin kwano sai ya kai ki wata da watanni domin cokali biyu kawai ake sawa, amma ni ba na yin da yawa lokacin zafi, yana da mai a jikinsa, in ya daɗe yana canja wari. Garin nan har a kunun yara da koko ina zubawa.

Gyaɗa kuwa ai gida ta zo, garin da aka yi dalar gyaɗa ba a koya masa ita ba. Soyayya za ki samu ki murje ɓawon ki markaɗa ta yi laushi kamar wadda ake kunu ko miyar taushe da ita. Abin da kawai zan ja kunne a kai shi ne tsinta, duk ƙwayar da ta yanƙwane ko ta canja kala ko ta yi fumfuna ki fitar da ita, irin wannan fumfunar tana barin guba da ke taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. Wata rana in ba ni da markaɗaɗɗiya sai in daka ƙuli-ƙuli in tankaɗe in sa, shi ma ya ma fi furotin a cokali tunda an matse man, sai dai ki ɗanɗana tukuna, in mai yaji ne ki bar shi wa rogo da kwaɗo, marar yaji ake so, mai ɗan suga ma ba laifi.

Ga awon da nake yi wa mutum biyu manya, ko babba ɗaya da yara biyu: ayaba 2 matsakaita, ƙwai 3, garin ots cikin kofin shayi ɗaya ba tsororo ba, garin waken suya babban cokali 2, markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 2, madarar gari babban cokali 3, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, sai garin kirfa kamar rabin ƙaramin cokali. Ruwa ko kindirmo kaɗan a gefe saboda sassautawa. Gishirin nan kar ki raina shi, shi yake fito da zaƙin ayabar, in babu shi abin salam yake. A madara kuma ki duba leda, akwai waɗanda ake siyarwa a matsayin madara alhali an haɗa su da man itace da suga ne don shayi, ki karanta bayan ledar ki ga nawa aka rubuta na furotin, ta gaske tana kaiwa wajen giram 24 zuwa 26 a cikin giram 100. Bekin foda in ya daɗe a buɗe yana mutuwa, ki ɗebi kaɗan ki zuba a ruwan zafi, in ya yi kumfa yana shuu to da ransa. Kuma dan Allah kar a ce za a maye shi da kanwa, na san akwai mai tunanin haka.

Haɗawa ba wuya. Ki ɓare ayabar a kwano mai faɗi ki murƙushe ta da cokali mai yatsu har ta zama kamar kunu mai kauri, ɗan gudaji ƙanana ba matsala bane. Ki zuba gyaɗar a nan ki murza su tare tun kafin ƙwai ya shiga, domin in kika bari sai daga baya za ta dunƙule ta ƙi baje wa, ki ta bin ta da cokali kina tsaki. Sai ki zuba ƙwan ki kaɗa sosai. A wani kwanon ki haɗa busassun, garin ots da na waken suya da madara da bekin foda da gishiri da kirfa, ki gauraya su da hannu yanda bekin fodar ba zai taru guri ɗaya ba, sannan ki juye a kan haɗin ayabar da ƙwan ki juya a hankali har garin ya ɓace. In alkama kika sa kar ki ta bugu kamar ƙullin alkaki, yana haɗuwa ki tsaya, yawan bugu yana sa ta yi danƙo fanken ya yi tauri. Mai blenda da wuta kuwa ta watsa komai ciki ta danna sau biyu uku shi ke nan.

Daga nan ki rufe ki bar shi minti biyar zuwa goma, ki je ki duba ko yara sun sa safa. Wannan ɗan hutun ba na ado bane, garin ots yana shan ruwa a hankali, ƙullin da kika bari da ruwa-ruwa za ki dawo ki tarar ya yi kauri. A lokacin ne za ki gyara shi. Kaurin da ake so shi ne in kin ɗebo a ludayi kin zuba ya sauka a hankali ya baje kaɗan ya tsaya, ya fi ƙullin waina kauri amma bai kai na ƙosai ba. In ya yi tauri ki ƙara ruwa ko kindirmo cokali ɗaya-ɗaya, in ya tsinke ki ƙara gari. Ni na fi son kindirmo, ɗan tsaminsa yana haɗuwa da bekin foda ya ƙara tashi, ga shi shi ma yana ƙara nasa furotin ɗin.

Suya ita ce gaba ɗayan sirrin, kuma nan na fi shan wahala kafin in gane. Mu mun saba da suya a wuta mai ƙarfi, ƙosai, awara, dankali, mai ya yi zafi a saka a ji cuu. In kika yi wa fanken ayaba haka, kafin ki juyo waje ya yi baƙi ƙirin ciki kuwa ɗanye shar, domin sugan ayaba da na madara suna saurin kamawa. Wuta ƙasa-ƙasa ake so, a gas ki mayar da ita kusan ƙarshe, a risho ki rage lagwani, in gawayi ne ki bari ya ruru ya lafa ki baza shi ki ɗan yayyafa toka a sama. Ki ɗora kaskon ya yi ɗumi na minti biyu, ki ɗiga man gyaɗa kamar rabin ƙaramin cokali ki shafe ko'ina da ɗan tsumma mai tsabta ko tishu, ba iyo zai yi ba. Man shanu in kina da shi soyayye yana ba da wani ƙamshi na daban amma shi ma ɗan shafawa. Kasko wanda ba ya kamu ya fi sauƙi, in babu, baƙin kasko mai kauri da ya sha suya ya fi sabon na alminiyam marar nauyi nesa ba kusa ba.

Ki zuba ƙanana, faɗin tafin hannun yaro, babban cokali biyu zuwa uku kowanne. Na san zuciya za ta ce ki cika kaskon ki huta, kar ki biye mata, wannan ƙullin ba shi da danƙon fulawa, in ya yi faɗi gurin juyawa zai rabe gida uku. Ki rufe da murfi, tururin yana taimaka wa cikin ya dahu. Bayan kamar minti biyu ki buɗe, in kin ga bakin ya bushe ya daina sheƙi kuma 'yan ƙofofi sun fito a sama, ki zura cokalin juyi mai faɗi a hankali har tsakiya ki kifa shi sau ɗaya. In kin zura kin ji yana riƙe kaskon to bai shirya ba, ƙara masa rabin minti, da kansa yake saki. Ɗaya gefen minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe shi. Kar ki danne shi da cokali, wannan ɗabi'ar ta suyar ƙwai ce, iskar da ta sa ya tashi kike fitarwa. Na farkon kusan kullum ba ya kyau, ko ya yi fari ko ya ɗan ƙone, da shi ake gane wutar, kuma shi ne rabon mai girki a tsaye.

Wata rana da baƙi suka kwana mana na ga kasko ɗaya ba zai fisshe ni ba, sai na jawo tandar waina na shafa mai na zuzzuba, wallahi sai ya fi kyau, ya fito dunƙule-dunƙule gwanin sha'awa kuma ba ya farfashewa gurin juyi. Sai dai kar ki cika gurbin, rabi ya isa, in ya yi kauri da yawa cikin ba ya dahuwa.

Abin da za a ci da shi nan ma ana iya rushe duk wahalar da aka sha. In kika kwarara masa madarar ruwa mai suga ko kika tsoma shi a shayin da aka zuba wa suga cokali huɗu, to an koma gidan jiya. Ni kindirmo nake sawa a gefe marar suga, in barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ko soyayyen riɗi, in akwai gwanda ko kankana ko mangwaro lokacinsa a yanka. Mai son ƙarin zaƙi ya ɗiga zuma kaɗan, ko a jiƙa dabino uku a cire ƙwallon a dama cikin ƙullin tun farko. Maigida shi da shayin citta da kanumfari yake ci, wai sai haka yake jin ya karya.

In muka yi lissafin awon can sama, ƙwai uku giram 18, ots ɗin kusan 10, gyaɗa wajen 7, madara wajen 6, waken suya wajen 5, ayaba 2, ya tashi kusan giram 48 a kwanon gaba ɗaya, kowane mutum ɗaya cikin biyu ya samu sama da 20 ke nan tun kafin a sa kindirmo. Lissafin da masana abinci ke yi wa babban mutum mai lafiya shi ne kamar giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 60 yana neman wajen giram 48, mai ciki da mai shayarwa da mai aikin ƙarfi sun fi haka. Kin ga tun da safe an ci kusan rabin hanya. Ba wai ina auna wa da sikeli bane kullum, cokalin gidanku da na gidanmu ma ba ɗaya bane, amma dai a nan kusa yake faɗawa.

Ƙanina mai zuwa ɗaga ƙarfe ya taɓa kawo mini irin garin furotin ɗin nan na cikin babbar roba da ake shigowa da shi daga waje, wai in sa masa a nasa. Na sa, ya yi, ba zan ce bai yi ba, amma yana shanye ruwan ƙullin ya sa fanken ya bushe kamar soso in an cika shi, sai an rage ots an ƙara kindirmo. Da na ji kuɗin robar kuwa sai na yi shiru, kuɗin nan zai sai kiret ɗin ƙwai da waken suya da gyaɗar da za su kai gida guda wani watan. Shi garin ma akasari daga ruwan madara ake tace shi, wani kuma daga waken suyar nan dai da muke raina wa.

Akwai waɗanda sai sun yi hattara. Mai ciwon suga kar ya ji an ce babu suga ya saki jiki, ayabar da ta nuna luguf suga ce, a rage ta zuwa ɗaya, a bar zuma da dabino, kuma ya gwada jininsa bayan ya ci ya ga yanda jikinsa ya karɓa. Mai ciwon ƙoda da likita ya taƙaita wa furotin ko fotasiyam wannan ba abincinsa bane sai ya tambaya. Yaron da gyaɗa ko ƙwai ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin baki a cire masa, ba a gwada sa'a da wannan. Jariri da ya fara cin abinci bayan wata shida ana iya yi masa nasa mai laushi da ayaba da ƙwai da ɗan gari kawai a tabbatar ya dahu har ciki, amma ban da zuma sai ya cika shekara ɗaya.

Ƙullin ba ya son ajiya, ayaba tana yin baƙi, bekin foda ya saki, ga ɗanyen ƙwai a wannan zafin namu. Abin da ake ajiyewa shi ne busasshen haɗin, ni nakan auna na kwana biyar in ƙulla a leda-leda, da safe sai dai ayaba da ƙwai da gyaɗa. Soyayyen kuma in firij ɗinki na samun wuta tsayayya zai kwana biyu a rufe, a ɗumama a kasko da murfi, in kuwa irin unguwarmu ce da ake ɗauke wa tun magariba to a cinye shi a ranar. Na yaran makaranta ki bari ya huce sarai kafin ki rufe a kula, in kin rufe da zafi gumi zai sa ya yi laɓe-laɓe su dawo miki da shi. Da azumi kuwa shi ne sahur ɗina a ranakun da ba na iya kallon shinkafa ƙarfe huɗu na dare, nakan soya bayan an dawo daga tarawi in rufe, da asuba in ɗumama guda huɗu in haɗa da kofin kindirmo da ruwa mai yawa, nakan rage gishirin ma saboda ƙishirwa.